Tarihin Gandun Coulée de Serrant, Da Yadda Ma'aikacin Banki Ya Komo Ga Taki Da Garma

A yammacin ƙasar Faransa, inda Kogin Loire ya gota birnin Angers ya miƙa yana neman teku, akwai wani ƙauye da ake kira Savennières, a gefensa kuwa akwai wata gona a jikin gangare wadda faɗinta duka-duka hekta 7 ne, wato kimanin eka 17, wadda in mutum ya fita da hantsi zai kewaye ta da ƙafa tun rana ba ta yi zafi ba; amma duk da wannan ƙanƙanta tata, bisa ga tarihin da masu gidan ke riƙe da shi, tun shekarar 1130 ta Miladiyya, wadda ta yi daidai da 524 ta Hijira, ake noman inabi a cikinta. Domin mai karatu ya gane nisan wannan zamani, sai ya tuna cewa, a lissafin Tarihin Kano, lokacin nan Sarki Gijimasu ne bisa gado, shi da aka ce ya fara ginin ganuwa. Sunan gonar Coulée de Serrant.

Wajibi ne in bayyana matsayina tun kafin zance ya yi nisa. Abin da ake yi da inabin wannan gona giya ce, hukuncin giya kuwa a Shari'a sananne ne ga kowane Musulmi, an yanke shi cikin Suratul Ma'ida, ba ni da ta cewa a bayansa, ban kuwa ɗauki alƙalami don in yi wa kowa tallar abin sha ba. Abin da ya ja hankalina ƙasar ce, da mutanen da suka riƙe ta, da kuskuren da ɗayansu ya tafka sa'an nan ya gane ya komo. Noman inabi kuwa a kan kansa ilmi ne da malamanmu ba su ƙyamace shi ba, domin a cikin wannan ƙarni na 12 ɗin ne Ibnul Awwam na Ishbiliya, a ƙasar Andalus, ya wallafa Kitabul Filaha, inda ya yi dogon bayani a kan dashen kurangar inabi da nau'o'in taki da abin da ya dace da kowace ƙasa.

Waɗanda ake jingina wa dashen farko ruhubanawa ne na Nasara, 'yan ɗariƙar Cîteaux wadda aka kafa a 1098, mutanen da suka sharɗanta wa kansu su raba yininsu tsakanin ibada da aikin hannu, suka kuwa shahara a Turai da iya zaɓen wurin noma. Zaɓen da suka yi a nan shaida ne ga basirarsu. Kalmar coulée a harshen yankin tana nufin ɗan kwari mai gangarawa zuwa kogi. Ƙasar wurin ba ta da kauri, ƙarƙashinta wani dutse ne mai ɓarewa falle-falle, wanda yake shan zafin rana da yini ya riƙa sakinsa da dare, ruwan sama ba ya kwanciya a kansa, saiwa kuma dole ta bi tsagarsa ta nutsa can ƙasa neman laima. Manomin hatsi da ya ga irin wannan wuri wucewa zai yi bai waiwaya ba, alhali kuwa kurangar inabi, in ta sami ƙasa mai yalwa da daɗi, ganye take zubawa da 'ya'ya masu ruwa-ruwa, sai ta sha wuya take ba da kaɗan mai ƙarfi.

Yaƙi ma ya zo har bakin gonar. A kan dutsen da ke kallonta akwai wata hasumiyar tsaro mai suna Roche-aux-Moines, ma'ana dutsen ruhubanawa, wadda Sarki John na Ingila ya yi wa ƙawanya a 1214, har Yarima Louis, ɗan Sarki Philippe Auguste na Faransa, ya taso masa da runduna, John ya kwashe sansani ya janye. Daga baya, cikin yaƙe-yaƙen addini na ƙarshen ƙarni na 16, aka rushe hasumiyar, kufanta na nan har yau. Gonar ta fita daga hannun ruhubanawa ta shiga na sarakan gidan Serrant, waɗanda ta ɗauki sunansu, ta ci gaba da sauya iyayengiji. Ta kuma ga annobar ƙwaron nan mai cin saiwa, phylloxera, wanda ya shigo daga Amurka a shekarun 1860 ya cinye gonakin inabin Faransa, har ba a sami mafita ba sai da aka koma yi wa inabin Turai aure da saiwar na Amurka, kamar dai yadda masu lambu a wajenmu ke yi wa mangwaro aure.

Bayan da gwamnatin Faransa ta kafa doka a 1935 don kare sunayen wuraren noma, yadda ba wanda zai rubuta sunan wata ƙasa a jikin kwalba sai in daga can inabin ya fito, kuma an bi sharuɗɗan nomansa, yankin Savennières ya sami nasa suna a 1952. Iri ɗaya tak aka yarda a dasa, farin inabi mai suna chenin, abin da aka san wurin da shi kuwa shi ne farar giya wadda Faransawa ke ce wa sec, wato wadda aka bar ta ta tsimu har yisti ya cinye zaƙin inabin bai bar kome ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Tun kafin wannan, marubucin nan Curnonsky, haifaffen Angers, wanda Faransawa suka ɗauka hujja ne a sha'anin ci da sha, ya riga ya lissafa Coulée de Serrant cikin fararen giya biyar da ya ce babu kamarsu a ƙasar. Da wannan suna a kanta iyalin Joly suka saye ta a farkon shekarun 1960, uwargidan ce kuma ta tsaya a kan aikin gonar shekara da shekaru.

Ɗanta Nicolas Joly, wanda aka haifa a 1945, da fari bai nufi noma ba ko kusa. Ya tafi Amurka ya karanta ilmin kasuwanci a Jami'ar Columbia, ya kama aiki a bankin J.P. Morgan, ya zauna New York da Landan yana juya dukiyar mutane. Sa'an nan a 1977 ya ajiye wannan duka ya komo gida don ya karɓi gandu daga hannun mahaifiyarsa. Ya komo da kan ɗan banki, mai auna kowane abu da riba da asara, saboda haka da masu ba da shawara kan aikin gona suka zo suka nuna masa a takarda kuɗin da yake ɓatawa wajen noman ciyawa da hannu, suka ce ga maganin feshi da zai ɗauke masa wannan nauyi, bai yi wata-wata ba ya karɓa. Ba za a zarge shi da wauta ba, domin a zamanin nan abin da kowane mai ilmi ke faɗa ke nan, wanda ya ƙi kuwa baƙauye ake ɗaukarsa.

Shekara biyu ya yi yana feshi. Abin da ya sha ba da labarinsa bayan haka shi ne, ya lura launin ƙasar ya sauya, ta daskare, ƙananan ƙwarin nan masu amfani da ke cinye masu ɓarna sun ɗauke ƙafa, makwarwa da ta saba kiwo tsakanin kunyoyi ta bar wurin. Lissafin takarda ya fita daidai, kuɗin ƙwadago ya ragu kamar yadda aka yi masa alkawari, amma gonar ta yi tsit. A ganina nan ne darajar mutumin take, domin da yawa sun ga abin da ya gani suka ce ba kome, shi kuwa ya gaskata idonsa a kan littafin lissafinsa, alhali lissafi ne sana'ar da ya ƙware a kai, ya kuma yarda cewa amana ce ta shekara ɗari takwas da ɗoriya ta faɗo hannunsa, yana shirin kashe ta cikin 'yan shekaru.

Ana cikin haka wani littafi ya shigo hannunsa a kan tafarkin noma na Rudolf Steiner, wani masanin falsafa ɗan Ostiriya, wanda a watan Yuni na 1924, ƙasa da shekara guda kafin rasuwarsa, ya gabatar wa manoma darussa takwas a Koberwitz, garin da yanzu yake cikin ƙasar Folan. Jigon koyarwarsa shi ne a ɗauki gona kamar jiki ɗaya mai rai, wanda dabbobinsa ke ciyar da ƙasarsa, ƙasarsa ke ciyar da tsironsa, ba tare da an sayo takin zamani ko guba daga waje ba. Joly ya fara gwadawa a 1980, zuwa 1984 kuwa gandun duka ya koma wannan tafarki. Ya kawo shanu 'yan asalin yankin don taki, ya saki tumaki su yi kiwo tsakanin kurangu da hunturu, ya mayar da doki bakin aiki a inda gangaren ya fi ƙarfin tarakta, mutum na biye da shi riƙe da garma, suna hawa suna sauka kunya bayan kunya. In cuta ta taso, sai a dafa ganyaye a fesa ruwansu, da ɗan kibiritu da ɗan sinadarin tagulla gwargwadon larura. In za a cike gurbin kurangar da ta mutu, daga tsofaffin gonar ake yanko reshe, ba a sayo irin kasuwa.

Wannan sashe na aikinsa ba baƙo ba ne gare ni, domin na tashi na ga jakuna da mangala suna fita ƙofofin birni da rani, ɗauke da taki zuwa gonakin karkara, na kuma ga manomi yana roƙon Bafulatani ya sauka da garkensa a gonarsa bayan girbi, har ya haɗa masa da damin gero. Da haka ne ƙasar kewayen Kano ta yi ƙarnoni ana nome ta kowace damina ba ta gaza ba.

Amma akwai wani sashe da ya wajaba a dube shi da idon tahƙiƙi. Mabiya Steiner sukan cika ƙahon saniya da kashin shanu da kaka, su binne shi ya kwana hunturu a ƙasa, da bazara su tono shi, su ɗebi abin da bai fi cikin tafi ba su zuba a ganga cike da ruwa, mutum ya tsaya yana juyawa da sanda awa guda cur, ya juya dama har ruwan ya yi rami a tsakiya, sa'an nan ya karya shi ya juya hagu, kana a yayyafa wa hekta guda da yamma. Suna kuma bin kalandar wata da taurari wajen sassabe da dashe da girbi, bisa imanin cewa akwai wani ƙarfi da ke saukowa daga gare su zuwa ga tsiro. Malamanmu sun daɗe da rarrabewa tsakanin ɗaukar tauraro alama ta lokaci, kamar yadda manomi ke duban Kaza da 'Ya'yanta ya san inda shekara ta kai, wanda halal ne, da kuma jingina masa tasiri, wanda ba mu yarda da shi ba. Ta fuskar bincike ma, gwajin da aka fara a Therwil ta ƙasar Siwizalan a 1978, aka buga sakamakonsa na shekara 21 a mujallar Science a 2002, ya nuna cewa filayen alkama da dankali da aka noma ba da takin zamani ba amfaninsu ya ragu da kimanin kashi 20 cikin 100, amma ƙasarsu ta fi rai da tana da ƙananan halittu, abin da aka kashe musu na taki da makamashi kuma ya ragu da kashi 34 zuwa 53. Sai dai filayen nan duk sun sha takin dabbobi, ba a kuwa tabbatar da cewa ƙaho ne ya yi aikin ba. Hukuncina shi ne, abin da ya raya Coulée de Serrant taki ne, da kofaton dabba, da barin guba, da idon maigida wanda ba ya ɗauke shi daga gonarsa. Tsarin Steiner amfaninsa shi ne ya tilasta wa Joly ya riƙa shiga gona kullum yana dubawa.

Girbin gidan ya isa misali a kan wannan haƙuri. Ba a tsinke gonar rana ɗaya. Masu girbi sukan ratsa ta sau da yawa cikin makonni uku ko huɗu, kowane zagaye su yanki nonon inabin da ya nuna sosai har ya yi ruwan zinariya, su bar saura sai wani jiƙon. Abin da hekta guda ke bayarwa lita 2,000 ne zuwa 2,500, wanda kaɗan ne ƙwarai a ma'aunin manoman inabi. A ɗakin tsimi kuwa ba a zuba yistin kamfani, ba a neman sabuwar ganga don ta ba da ƙamshin katako. Shi Joly ma ba ya son a kira shi mai haɗa giya, ya fi son a ce mataimakin halitta ne. Masu suka sun ce abin da ke fitowa daga gidan ba ya tsayawa a kan hali ɗaya, bana daban baɗi daban. Amsarsa ita ce shekarun ma ba ɗaya ba ne, wanda ya daidaita su a kwalba ya ɓoye gaskiyar gonarsa.

Daga nan al'amarin ya wuce gandun gida ɗaya. A 1997 ya wallafa littafinsa Le vin du ciel à la terre, aka fassara shi zuwa harsuna da dama. A 2001 ya kafa ƙungiyar Renaissance des Appellations, wadda hujjarta ita ce sunan wuri a jikin kwalba ba shi da ma'ana in an kashe ƙasar wurin da guba aka kuma gyara ɗanɗano da dabarun masana'anta, ta kuwa tara gidajen noma fiye da ɗari daga ƙasashe fiye da goma. Mutumin da maƙwabta suka yi wa kallon wanda ya zautu a 1980 ya wayi gari manyan gidajen inabi na Faransa suna bin sawunsa. A 2011 hukuma ta ware Coulée de Serrant ta ba ta suna mai zaman kansa, ta shiga sahun 'yan ƙalilan irin su Romanée-Conti da Château-Grillet, waɗanda sunan yanki ɗungurungum yake hannun gida ɗaya.

'Yarsa Virginie ta shigo aikin tun 2002, yau ita ke riƙe da yawancin ragamar gandun tare da mahaifinta. Gonar tana nan a hekta 7 ɗinta, tsohon ginin ruhubanawa yana tsaye a gindin kwarin, a shekarar 2030 kuwa za ta cika shekara 900 da dashen farko.