Anini

Anini ƙaramin kuɗin ƙarfe ne mai huda a tsakiya, wanda Turawan mulkin mallaka suka fara bugawa a 1907 don ya maye gurbin wuri a kasuwanni irin na Yauri da Ngaski. A wancan lokacin, anini goma ke yin kobo ɗaya.

Wanda ya gaji irinsa a kayan kakanni, ba wuya ya gane shi. Fuska ɗaya tana ɗauke da tauraro mai tsini shida da shekarar bugu. Ɗayar kuwa akwai kambi, sunan sarki ko sarauniyar Ingila na lokacin, da rubutun Larabci, amma babu hoton sarki. Na 1907 da goran ruwa aka yi shi, shi ya sa ba nauyi. Daga 1952 aka koma tagulla.

Kada a goge shi da toka ko yashi, gugar tana cinye rubutun.