Yadda Ake Wanke Tsakuwar Yumɓu Kafin Sabuwar Shuka

A nan Legas fili ya yi tsada, shi ya sa nake noman tumatir a bokiti, babu ƙasa, sai ruwan taki da tsakuwar yumɓu. Yumɓu ne da aka gasa a zafin kusan digiri 1,200, don haka ba ta ruɓewa, ana shekaru ana amfani da ita.

Amma fa kada ka mayar da ita haka nan bayan girbi. Ragowar saiwa na ɗauke da cutar ruɓewa, farin gishirin takin da ya manne kuma yana ƙona sabon tsiro. Ni kaina na taɓa asarar bokiti shida.

Ka tsince saiwar, ka ɗauraye, ka tafasa minti 20, ka jiƙa kwana guda a ruwa mai tsabta, sannan ka shanya a rana.