Rabe da Samari Uku: Abin da Shekarar 1893 Ta Bar Mana

Muna magana daga nan Yerimaram, Potiskum. Yau za mu koma shekarar 1893, gama a cikinta mutane iri biyu suka nufo wannan ƙasa tamu.

Na fari shi ne Rabe. Daga wajen Kartum ya fito, ya koyi yaƙi a hannun Zubairu, babban mai fataucin bayi. Ya taho yamma da dakaru masu bindiga, ya ci Bagarmi, a 1893 ya faɗa wa Borno. Daular da ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye ta rushe a gabansa. Shehu Hashimi ya gudu, aka washe Kukawa, aka ƙone ta. Shehu Kiyari da ya tashi ya tare shi, aka kama shi aka kashe. Rabe ya mai da Dikwa babban birninsa. A lokacin nan, wa zai ɗaga masa yatsa?

Shekara bakwai kaɗai ya yi. Ran 22 ga Afrilu, 1900, sojojin Faransa suka gamu da shi a Kusuri. Aka kashe shi, aka fille kansa, aka soke shi a tsinin sanda, har aka ɗauki hoto. Lami, shugaban sojojin da suka ci shi, shi ma a wannan yaƙi ya mutu. Faransawa suka raɗa wa sabon garinsu sunansa, Fot Lami, amma a 1973 aka cire sunan, garin ya zama Njamena. Fadlallah ɗan Rabe ya gudo da ragowar rundunar, suka bi sawunsa, suka kashe shi a Gujba, nan cikin jiharmu, a 1901. Wanda ya karanta Daniyel sura 4 ya san irin wannan labari, yadda Nebukadnezzar ya hau bene yana yabon kansa saboda Babila, ya ƙare yana cin ciyawa.

A watan Disamba na wannan shekara ta 1893, samari uku suka sauka a Legas: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Babu ƙungiyar mishan da ta yarda ta aiko su, kuɗinsu kaɗan ne. Wani babban ma'aikacin mishan a Legas ya gaya musu ba za su ga ƙasar Sudan ba, ko 'ya'yansu ma, sai dai wataƙila jikoki. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a Legas. Gowans ya mutu a Girku, Kent a Bida, dukansu a ƙarshen 1894, ba su bar ikkilisiya ko ɗaya ba. Bingham ya koma gida bangaskiyarsa tana rawa. Ya sake zuwa a 1900, shekarar da Rabe ya faɗi, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi, shi kuwa yana Kanada, waɗansu ne suka kafa.

Kada mu ce da tawali'u aka haifi samarin nan. A ganinmu sun zo da ƙarfin ƙuruciya, suna tsammani ƙafarsu ce za ta buɗe ƙasar. Ubangiji ya bar su suka kāsa sarai, kafin ya yi aikin ta hannun waɗansu. Daga wannan kāsawa mishan ɗin SIM ya fito, bishara ta kai Kukar Gadu kusa da mu, a 1954 kuma aka kafa ECWA.

To, ga inda tarko yake. Da sauƙi mu ji labarin Rabe mu ce, madalla, ba namu ba ne. Wanda ya faɗi haka ya riga ya tsaya inda Bafarisiyen nan na Luka sura 18 ya tsaya, yana gode wa Allah domin bai zama kamar mai karɓar haraji ba. Maƙwabtanmu Musulmi na Borno su ne suka fi kowa shan wuyar Rabe, ba mu da abin yi musu gori. Mu ba mu da bindiga, amma muna da kujerar dattawa. Lokacin zaɓe a ikkilisiya sai ka ji ana ƙirga 'yan Karekare nawa, 'yan Ngizim nawa, 'yan Ngamo nawa, kamar Kristi bai mutu domin kowa ba. Wani ya daina zuwa sujada wata uku domin ba a ambaci sunansa ranar tara kuɗin gini ba. Mai gida ya yi wa matarsa laifi, ya sani, yaran ma sun sani, amma "ki yi haƙuri" ta gagari bakinsa, ran Lahadi kuma shi ne zai miƙa jibin Ubangiji. Yakubu 4:6 ya nuna mana Allah da kansa yana gāba da mai girmankai, bai kuwa ware mai Littafi a hammata ba.

Daren nan, bayan tuwo, a tara iyali a karanta Filibiyawa 2:1-11. A bar ƙaramin yaron da ya iya karatu ya karanta, mai gida ya zauna a tabarma ya saurara.