Mamman Ɗanmusa da Majalisar Dokokin Kaduna

Idan muka waiwayi Jamhuriya ta Biyu, gwamnoni muka fi tunawa, alhali a tsohuwar Jihar Kaduna majalisa ce ta yanke hukunci mafi girma. Shugabanta daga 1979 shi ne Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa na jam'iyyar NPN, mutumin ƙasar Katsina, wadda a lokacin take cikin Kaduna.

Zaɓen 1979 ya bar baya da ƙura. Jama'a sun ba Alhaji Balarabe Musa na PRP gwamna, amma mafi yawan kujeru 99 na majalisa suka faɗa hannun NPN. Gwamna ya soke haraji da jangali. Majalisa kuwa ta yi ta watsi da sunayen kwamishinonin da ya aika mata, har ya yi mulki ba shi da kwamishina ko ɗaya. Ranar 23 ga Yuni, 1981, ƙarƙashin jagorancin Ɗanmusa, ta tsige shi, abin da ba a taɓa yi wa wani gwamna a Nijeriya ba. Kotu ma ba ta cece shi ba, domin sashe na 170 na tsarin mulkin 1979 ya hana ta tsoma baki.

A ganinmu, yawan kujeru ne ya yi aiki ranar nan fiye da nauyin tuhuma. Ɗanmusa ya wuce Majalisar Dattawa a 1983, ya zama mataimakin shugabanta, amma watanni uku kacal ya yi: soja suka karɓe mulki ranar 31 ga Disamba.