Dajin Pisgah da Tarihin Farfaɗowarsa

A yammacin jihar Karolina ta Arewa, a kudu maso gabashin Amurka, inda jerin duwatsun Appalachia suka fi tsayi, akwai wani gandun daji mallakar gwamnatin tarayya mai suna Pisgah, wanda faɗinsa ya haura eka 500,000, wato hekta 200,000 da ɗoriya, kuma ya kusa zagaye birnin Asheville. A tsarin Amurka, dajin ƙasa ya bambanta da wuraren shaƙatawa na ƙasa irin su Yellowstone, domin waɗannan suna ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida kuma ba a sarar itace a cikinsu don kasuwa, alhali dazuzzukan ƙasa suna hannun Hukumar Kula da Dazuzzuka da ke ƙarƙashin ma'aikatar aikin gona, wadda doka ta ba ikon sayar da katako da ba da izinin farauta da kamun kifi, matuƙar dajin zai ci gaba da mayar da abin da aka ɗiba. Baƙon da ya ga duhuwar Pisgah a yau zai ɗauka cewa gatari bai taɓa ratsa ta ba, amma mafi yawan wannan daji an sare shi, wani sashe ma ya ƙone ƙurmus, kafin gwamnati ta saye shi yanki-yanki ta bar shi ya sake tofowa.

Ƙasar tun asali ta al'ummar Cherokee ce, waɗanda suka kafa garuruwa da gonaki a kwaruruka, suka mai da tuddai wurin farauta. Yarjejeniyoyin da aka tilasta musu sun raba su da ita sannu a hankali, har zuwa 1838 da sojojin Amurka suka kora mafi yawansu zuwa yammacin kogin Mississippi, a wata tafiya da ta ci rayukan dubbai, ko da yake wani reshe nasu ya tsira a cikin duwatsu, kuma jikokinsu suna nan a yankin har yau. Turawan da suka gaje wurin ƙananan manoma ne masu sakin shanu da aladu su yi kiwo a dawa, suna cinna wa jeji wuta don ciyawa ta fito da wuri. Ɓarnar da ta fi wannan nesa ba kusa ba ta zo ne bayan da layin dogo ya isa Asheville a 1880, domin daga lokacin ne kamfanonin katako, waɗanda suka riga suka cinye dazuzzukan arewacin ƙasar, suka juyo kudu da injunan yanka da ƙananan jiragen ƙasa masu hawa tsauni.

A daidai wannan zamani ne George Vanderbilt, jikan hamshaƙin attajirin jiragen ruwa da na ƙasa Cornelius Vanderbilt, ya fara sayen filaye kusa da Asheville, inda ya gina katafaren gidansa na Biltmore da aka kammala a 1895, ya kuma tara ƙasa har kimanin eka 125,000. Mai tsara masa lambu, Frederick Law Olmsted, ya ba shi shawarar cewa ƙasar ta gaji da yawa, ba za ta yi kyau a matsayin lambun ƙawa ba, gara a raya ta a matsayin daji mai ba da amfani. Bisa wannan shawara aka ɗauki Gifford Pinchot aiki a 1892, wani matashi da ya koyi kimiyyar daji a garin Nancy na Faransa, wanda daga baya, a 1905, ya zama shugaban farko na Hukumar Kula da Dazuzzuka ta Amurka. Kimiyyar dajin da ya zo da ita ba ta hana sara ba, sai dai ta shar'anta cewa a ƙidaya itatuwa, a san yawan abin da daji yake ƙarawa a shekara, a zaɓi waɗanda suka ƙosa a yi musu alama kafin a kayar da su, a bar iyaye masu zubar da iri, ta yadda abin da aka fitar ba zai zarce abin da ya tsiro ba.

Wanda ya gaji Pinchot a Biltmore a 1895 wani Bajamushe ne, Carl Alwin Schenck, kuma shi ne ya buɗe Makarantar Daji ta Biltmore a 1898, makarantar farko ta horar da malaman daji a Amurka. Ɗalibansa sukan yi darasi da safe, su wuni a kan dawakai suna aunon itatuwa da duba gandun renon dashe, da rani kuma su koma wani kwari mai tsayi da ake kira Pink Beds su zauna a tsofaffin gidajen manoman da aka saye gonakinsu. Ba duk gwajin da aka yi ne ya yi nasara ba. A rafin Big Creek an gina madatsar katako don a tara ruwa a sake shi gaba ɗaya ya kwashe gungume zuwa gangare, sai ruwan ya yashe gaɓar rafin, gungume da yawa suka maƙale a hanya ko suka faɗa gonakin mutane, aka tashi da asara. Mazauna duwatsun ma ba su yi maraba da masu gadin da aka girke don hana su kiwo da farauta a jejin da suka saba shiga ba tare da neman izini ba. Vanderbilt da Schenck sun rabu ba da daɗi ba a 1909, makarantar kuma ta rufe a 1913, bayan ta yaye ɗaliban da suka bazu cikin hukumomi da kamfanonin ƙasar.

A wancan lokaci matsalar gabashin Amurka ita ce gwamnatin tarayya kusan ba ta da sauran ƙasa a can, saɓanin yamma inda tun daga 1891 shugaban ƙasa yake iya keɓe daji daga filayen gwamnati da sa hannu kawai. Kafin a sami dajin ƙasa a gabas, dole ne a saye shi daga masu shi, kuma 'yan majalisa da yawa suna ganin tsarin mulki bai ba da wannan iko ba. Abin da ya warware takaddamar shi ne ruwa: an kafa hujja da cewa tudun da aka aske ba ya riƙe ruwan sama, yana aika ambaliya da laka zuwa kogunan da jiragen kasuwanci suke bi, kula da waɗannan koguna kuwa haƙƙin tarayya ne. A kan wannan hujja Shugaba William Howard Taft ya sa hannu a Dokar Weeks ranar 1 ga Maris 1911, kuma fili na farko da aka saya a ƙarƙashinta, kimanin eka 8,100 a Curtis Creek, yana cikin Pisgah a yau. Da Vanderbilt ya rasu a 1914, mai ɗakinsa Edith ta sayar wa gwamnati kimanin eka 86,700 a kan kusan dala 5 kowace eka, wannan fili ne kuma ya zama ƙashin bayan dajin da aka ayyana a watan Oktoba na 1916, watanni kaɗan bayan wata mummunar ambaliya da ta afka wa Asheville a watan Yuli.

Sayen bai kawo ƙarshen asara ba. Kamfanin katako na Carr ya ci gaba da sara a tsohon filin Vanderbilt bisa kwangilar da aka ƙulla tun 1912, gobarar 1925 kuma ta cinye tuddan da ke kewayen Graveyard Fields da zafin da ya ƙone har ƙasar kanta, shi ya sa wasu ƙololuwa suke fili fetal har yanzu, ciyawa da ƙananan tsirrai kawai. Asarar da ta fi kowacce ciwo ita ce ta itacen cesnat na Amurka, wanda mutane da dabbobi suke rayuwa a kan 'ya'yansa, magina kuma suke son katakonsa don ba ya saurin ruɓewa: wata cuta mai kama ɓawo, da aka fara gani a New York a 1904, ta isa kudu ta kashe kusan dukkan manyan itatuwan kafin 1940. A cikin waɗannan shekaru ne matasan rundunar raya karkara da Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa a 1933 don rage zaman kashe wando suka dasa itatuwa, suka shimfiɗa hanyoyi, suka gina wuraren zango da hasumiyoyin hangen gobara.

Abin da yake jawo miliyoyin mutane zuwa Pisgah a yau shi ne tsayi da ruwa. Dajin ya kewaye tsaunin Mitchell mai tsayin mita 2,037, wanda babu kamarsa a gabashin Mississippi, ko da yake ƙololuwar tasa gandun jiha ce. Titin Blue Ridge Parkway, da aka fara ginawa a 1935, yana bin doron duwatsun, sanannen turbar ƙafa ta Appalachia kuma ta ratsa iyakar dajin da jihar Tennessee. Kusa da garin Brevard akwai matsirgar Looking Glass mai zubowa daga tsayin mita 18, da Sliding Rock, wani falalen dutse mai santsi da yara da manya suke sulmiyowa a kansa su faɗa tafki mai sanyi ƙarara. Masu fatsa suna bin kogin Davidson, masu keken hawan tudu suna bin tsofaffin hanyoyin jan katako, wanda yake neman kaɗaici kuwa yakan nufi kwazazzabon Linville ko Shining Rock, waɗanda suke cikin yankunan farko da dokar 1964 ta haramta wa titi da inji da gini. Wurin tsohuwar makarantar Schenck shi ma majalisa ta keɓe shi a 1968 a matsayin wurin tarihi.

Wannan cincirindo ya sauya tambayar da ake yi game da dajin. Garuruwan da a da suke cin abinci daga katako yanzu sun fi dogara ga masauki da jagorancin baƙi, don haka duk gangaren da aka yi wa alamar sara yana da masu kare shi, kuma sabon tsarin gudanarwa da hukumar ta fitar a 2023 ya sha suka daga ƙungiyoyin kare muhalli da suke ganin ya buɗe ƙofar sara fiye da kima, har a sauran tsofaffin kurmi da suka tsira daga gatarin farko. Damuwarsu tana da tushe, domin itacen da ya shekara ɗari uku ba a mayar da shi da dashe. A ƙarshen Satumba na 2024 guguwar Helene ta zubar da ruwa mai yawan gaske a yankin, ta kashe mutane fiye da 100 a jihar, ta zaftare gangare, ta kayar da itatuwa a kan dubban eka, ta rushe tituna da gadoji, har hukumar ta rufe dajin baki ɗaya, sannan ta riƙa buɗe shi sashe-sashe gwargwadon yadda ma'aikata da 'yan sa-kai suka share turbobi da zarto.