Jan Baki da Shamuwa a Ƙasar Bakolori

Duk dattijon da ya tashi a Damri ko ƙauyukan Bakura da Maradun ya san tsaron tsuntsu. Idan gero ya fitar da kai, akan kafa wa yara rumfa a tsakiyar gona, su wuni suna jan igiyar gwangwanaye, suna jifa da majajjawa. Tsuntsun da ake wannan wahala dominsa shi ne jan baki, ɗan ƙarami mai tafiya dubbai-dubbai.

Wani masani ɗan Ingila, Peter Ward, ya bi diddigin rayuwarsa a yankin Tafkin Chadi, ya wallafa bincikensa a 1965, sannan a 1971 ya bayyana yadda yake ƙaura. Abin da ya gano shi ne, asalin abincin jan baki ƙwayar ciyawar daji ce, ba hatsi ba. Da zarar ruwan farko ya sauka, ƙwayar da ke ƙasa ta tsiro, sai abinci ya yanke masa. Daga nan yakan nufi kudu, inda damina ta riga ta kankama har ciyawa ta yi 'ya'ya, sa'an nan ya biyo ruwa ya dawo arewa yana sheƙa yana ƙyanƙyasa. Wato a da, yunwar ƙarshen rani da farkon damina tana rage yawansa.

Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato aka kammala a 1978, ta taɓa wannan lissafi. An fi tunawa da ita saboda filayen da aka karɓe da kuma jinin manoma da aka zubar a 1980, amma ta sauya rayuwar tsuntsaye ma. Noman rani ya sa ga ruwa ga shinkafa da alkama a lokacin da daji ya bushe. A ganina, mu muka shimfiɗa wa jan baki tabarma.

Maganin da hukumomi suka saba yi shi ne feshin guba da jirgin sama a makwancinsa da magariba. Yana kashe da yawa, sai dai shaho da shirwa da mujiya da suka ci mushen su ma sukan mutu, kuma baɗi wani garke ya zo daga nesa.

Ita kuwa shamuwa baƙuwa ce mai daraja. Tana isowa gab da saukar ruwa, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ba mai taɓa ta. Bayan damina takan tsallake har kudancin Afirka tana bin fara da tsutsa. Tun kafin zuwan masu bincike, manoman Talata Mafara suna gyara gona ne idan sun gan ta, kuma malamin da zai koyar da ƙaurar tsuntsaye zai iya sa ɗalibansa su riƙa rubuta ranar isowarta kowace shekara.