Labarin Zuciya A Tambayi Fuska

A shekarar 1958 waɗansu samari masu koyon zane a babbar Kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya tasu. Daga cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko. Nufinsu shi ne su haɗa abin da Turawa suka koya musu da hikimar da suka gada wurin iyayensu.

Zamanin nan kuwa na murna ne. Ran 15 ga Maris, 1959, Jihar Arewa ta sami mulkin kai, ran 1 ga Oktoba, 1960, Nijeriya duka ta sami 'yanci. Ana cikin kiɗa da hawan dawaki, sai Demas Nwoko ya yi wani zane, ya sa masa suna "Nijeriya a 1959". Ya zana manyan Turawan mulki zaune bisa kujeru, fuskokinsu sun yi yaushi, kamar mutanen da suka kwana ba barci. A bayansu ga baƙaƙen fata masu kayan sarki tsaye cikin duhu, ba mai iya sanin abin da ke ransu.

Irin wannan zane ba kamannin mutum ya ke bi ba, abin da ke cin zuciyarsa ya ke fitarwa. Wanda ya fi shahara da shi wani mutumin Norwe ne, Edvard Munch. Yana ɗan shekara 5 tarin fuka ya kashe uwarsa, bayan shekara 9 ya kashe yayarsa. A 1893 ya zana wani mutum tsaye a kan hanya, ya dafe kunnuwa, baki buɗe, sama ta yi ja wur kamar jini. Aka san zanen da sunan "Kururuwa". Shi Munch fargabar mutum ɗaya ya nuna, Nwoko kuwa ta ƙasa guda.

Mai zane bai san gaibu ba. Amma a Janairun 1966 soja suka hamɓare gwamnati, aka kashe Sardauna da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga 1967 zuwa 1970 aka yi yaƙin basasa. Takardun gwamnati sun adana ranakun biki da jawaban manya. Zullumin da ke ƙarƙashin bikin kuwa, wani ɗalibi ne a Zariya ya adana shi da fenti. Saboda haka mai neman tarihi, bayan ya karanta takarda, sai ya dubi fuska.